Gaɓa Shida a Bakin Dokta

Laraba, 6 ga wata, ƙarfe 7:20 na safe

A kan benci nake rubutu, a barandar ɗakin maza, hawa na biyu. Littafin shirya darasina ne na juya ta baya, shi kaɗai na tarar a jaka. Wata nas ce ta ce in riƙa rubuta abin da likitoci suka faɗa, wai mutum yakan manta. Ga shi na buɗe, amma abin da suka faɗa ba na so in gan shi da rubutun hannuna.

Dokta yana gado na huɗu, kusa da taga. Mijina ke nan. Shekara ashirin da shida yana duba shanu da awaki da kajin mutane har sunansa ya ɓace, kowa Dokta yake ce masa, har ni, har Yaya da ta goye shi. A nan kuwa in na ce Dokta, mutum uku masu farar riga ne ke waiwayowa, wanda nake nufi ba ya iya amsawa.

Hannun dama ba ya ɗaguwa. Ƙafar tana motsi kaɗan. Bakin ya ɗan karkace. Idon dai nasa ne, yana bin kowa da kallo. Magana ce babu.

Likitan ya tambaye ni sau uku jiya, ƙarfe nawa abin ya fara. Na ce ban sani ba.

Laraba, ƙarfe 4 na yamma

Tun azahar yake cewa “o”. Ya tattaro ƙarfi, jijiyar wuya ta tashi, sai ya ce, “O... o...” ya tsaya. Na miƙa ruwa, ya kawar da kai. Na gyara filo, ya ture hannuna da hagu.

Yaya ta ce, “Wasiyya yake son bari. Malama, ki matsa kusa ki ji.”

Na ce, “Yaya, don Allah ki daina.”

Ta ce ita dai ta ga irin wannan a kan mahaifinsu. Ban tambaye ta yadda aka ƙare ba. Na sani.

Ba mu gaya wa 'yarmu Auta ba. Tana tsakiyar jarrabawa a jami'a, saura mata kusan mako uku. Ta kira ɗazu na ce babanta yana gona.

Alhamis, 7 ga wata, ƙarfe 6:15 na safe

Na duba agogo, na ga lokacin, na kifa shi.

Alhamis, ƙarfe 1:30 na rana

Dogo ya zo, abokin aikin Dokta, wanda suka buɗe asibitin dabbobin tare. Ya tsaya a ƙofa yana murza hularsa, mutum mai tsawon da sai ya sunkuya, ya rasa inda zai sa ido.

Da muka fito baranda ya ce, “Malama, akwai wata magana, ban san ko ta dace yanzu ba.” Ashe ranar Litinin da yamma Dokta ya je wata gonar shanu a bayan gari, maruƙa tara suna tari da zazzaɓi. Ya yi musu allura, ya ce zai dawo yau Alhamis ya sake dubawa. Mai gonar ba ya nan lokacin, masu kiwon ba su duba kwalbar ba, Dokta kuma bai kai ga shigar da shi a kati ba. Dogo ya ce ba zai ɗora wata allura a kan wadda bai sani ba.

Na tsaya ina kallonsa. Na ce, “A cikin magungunan naku, wane ne ya fara da o?”

Ya juya ya sauka. Bayan rabin awa ya dawo da kwalabe uku a aljihu, ya jera su a kan bargon. Dokta bai ko kalli biyun ba. Ya ɗora yatsan hagu a kan mai ruwan ƙasa-ƙasan nan, ya danna har ta faɗi.

Dogo ya ce, “Oksi ce? Mai daɗewa a jiki?”

Dokta ya ce, “A'a,” yana gyaɗa kai alamar eh.

Kalmarsa ta farko ke nan, kuma ba abin da yake nufi ba ce. Nas ta ce haka yake faruwa, a bi kan, kada a bi bakin.

Kwana biyu muna zaton yana sallama da duniya, ashe maruƙan mutane ne a ransa. Yaya ta yi dariya har ta koma kuka. Shi kuma ya yi barcin da bai yi ba tun da muka zo.

Asabar, 9 ga wata, ƙarfe 10 na safe

Na je gida ɗauko kaya. Na share fasassun kofin. Shayin ya bushe a kan tayal, ya bar zane. Takalmansa na roba suna nan bakin ƙofa da kashin shanu a jiki, inda ya tuɓe su ranar Litinin. Ban wanke su ba. Ban shiga ɗakin kwana ba, daga igiyar shanya na kwashi kaya.

Littattafan 'yan ajina suna can ciki a kan gado. Arba'in da ɗaya ne. Duk na gama makinsu.

Litinin, 11 ga wata, ƙarfe 12 na rana

An turo mana mai koyar da magana. Mace ce gajera, ba ta da gaggawa, tana yawo da ƙaramin madubi a aljihun riga. 'Yan ɗakin suna ce mata Mai Madubi.

Ta ce harshensa lafiya lau, leɓensa ma da sauƙi. Kalmar tana nan a kansa, ya san ta sarai, hanyar da za ta bi ta sauko baki ce ta rushe. Za a sake shimfiɗa ta da kaɗan-kaɗan.

Ta fito da katuna masu hoto. Kofi. Ƙofa. Kaza. Ta ce, “Dokta, ka ce ka.” Ya kalli kazar, ya kalle ta, ya kalle ni. Ya sa hannun hagu ya share katunan duka suka watse a ƙasa.

Na sunkuya ina tsincewa ina ba ta haƙuri. Ta ce, “Bar shi. Wanda ya yi fushi yana nan. Wanda ba ya fushi nake tsoro.”

Ni malamar aji biyu ce. Irin katunan nan nake ɗaga wa yara 'yan shekara bakwai. Ya sani.

Talata, 12 ga wata, ƙarfe 6:15 na safe

Mako ɗaya.

Talata, ƙarfe 3 na rana

Mai Madubi ta dawo ba katuna. Ta ce masa, “Kai za ka zaɓi kalmar. Me kake so ka iya faɗa?” Ya nuna durowar gefen gado. Dogo ya manta kwalbar a ciki, ko kuma da gangan ya bari.

Ta karanta takardar jikin ta yi murmushi. “Oxytetracycline. Dokta, mutane da tsani suke farawa, kai ka ce sai saman bene.”

Ya ce, “A'a.” Ya gyaɗa kai.

Ta kwafe sunan da manyan haruffa a takarda, ta yanyanka shi da layi. Ni ma na kwafa a nan don in riƙa bita da shi:

ox / y / tet / ra / cy / cline

Harafi goma sha biyar, amma a bakin Bature gaɓa shida ce: ok, si, tet, ra, sai, klin. Ta ce nauyin muryar yana kan ta biyar, sai, a nan ake ɗaga murya, sauran su bi a hankali. Rubutun kuma mayaudari ne. Y ta farko i ce, ta biyu ai. C ta farko s ce, ta biyu k. E ta ƙarshe ba ta da aikin yi, zaman banza take.

Sannan ta ja da'ira a wuri uku. K da s. T da r. K da l. Ta ce nan ne wahalar, inda baƙi biyu suka haɗu ba wasali a tsakaninsu. Ko mai lafiya a cikinmu yakan cusa wasali ya raba su, kamar mai rabon faɗa.

Na ce mata na sani. Muna sabon aure na taya shi jera magunguna a kanta, na ɗaga kwalbar na ce okisitetirasaikilin. Ya yi dariya har ya zauna a kan kwali. Ya ƙirga da yatsa ya ce, “Tara. Malama, kin ƙara masa gaɓa uku kyauta.” Bai taɓa yarda a gutsure sunan ba. Dogo da masu shanu oksi suke cewa, shi kuwa sai ya faɗe shi cikakke, wai magani in ka rage masa suna wata rana za a ba saniya na wata.

Yana sauraro ina ba da labarin. Gefen bakinsa na hagu ya ɗaga.

Ta ce daga ƙarshe za mu faro mu yi baya, don kowane lokaci ya ƙare a kan abin da ya riga ya iya. Kuma ya riƙa buga hannun hagu a kan tebur, gaɓa ɗaya bugu ɗaya. Yau lin kawai. Ya kalli bakinta, ya kalli nasa a madubi. Sau goma sha ɗaya. A na sha biyu ya fito.

Laraba, 13 ga wata, ƙarfe 5 na yamma

Lin. Lin. Nin. Lin.

Klin ta ƙi. Yana zuwa k sai maƙogwaro ya kulle.

Alhamis, 14 ga wata, ƙarfe 11 na safe

An kawo sabon majinyaci gado na biyar, irin ciwon Dokta. Matarsa mai surutu ce. Muna wanke kwanuka a famfo ta ce su Allah ya taimake su, ta duba agogo lokacin da ya faɗi. Wai akwai wata allura da ake yi in an tabbata ba a wuce wasu awoyi ba, in ba a san lokacin ba likitoci ba sa yarda su yi. An yi wa nata. Ga shi yau har yana neman rediyo.

Ta ce, “Ku ba a yi muku ba?”

Na ce ruwa yana zuba, bari in rufe famfon.

Alhamis, ƙarfe 2 na rana

Na kasa cin komai.

Juma'a, 15 ga wata, ƙarfe 9 na safe

Yaya ta ce na rame, in je gida in kwanta ita ta zauna. Ta ce, “Ke da kika tsince shi, ai kin yi naki. Da ba kya gida fa?” Ta dafa kafaɗata. Na ji kamar an ɗora mini garwashi.

Bita yau: sai. Ta zo masa da sauƙi, don kalmarmu ce. Mai Madubi ta ce ya ɗauka zai ce sai gobe, ya tsaya a rabi. Sai. Sai-lin. Ya buga tebur sau biyu. Ya san akwai k da ya tsallake, ya nuna ta a takarda da yatsa, ya ƙwanƙwasa, ya ƙwanƙwasa, har takardar ta huje.

Lahadi, 17 ga wata, ƙarfe 4:40 na yamma

Da hantsi ya ƙi farkawa sosai. Na kira, ya buɗe ido ya rufe. Na ce ya matse hannuna, bai matse ba. Ban san na yi gudu ba sai da na gan ni a teburin nas ba takalmi.

Suka tambaye ni yaushe. Na ce, “Goma da minti takwas. Da goma daidai ya sha ruwa, ya ce a'a.” Nas ta ɗago ta kalle ni, ta rubuta.

Sun gangara da shi ɗaukar hoton kai. Na zauna a ƙofar awa ɗaya da rabi ina buga gwiwata. Ok, si, tet, ra, sai, klin. Ok, si, tet, ra, sai, klin. Addu'a nake so in yi, wannan ce take zuwa bakina.

Sun ce ba sabo ba ne. Zazzaɓi ne ya shiga ta ƙirji, wataƙila ruwa ya bi ta inda bai kamata ba. An sa masa maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya. Likitan ya ƙara da wata magana game da hoton, wani wuri da za su sa wa ido. Na ji ta. Ba zan rubuta ba.

Litinin, 18 ga wata, ƙarfe 8 na safe

Zazzaɓi. Ba bita.

Talata, 19 ga wata, ƙarfe 8 na safe

Zazzaɓi. Auta ta kira sau uku. Ta ce, “Mama, wace irin gona ce ba a dawowa?” Na ce wayarsa ce ta lalace. Ƙarya tana haihuwa kamar zomo.

Laraba, 20 ga wata, ƙarfe 1 na rana

Zazzaɓin ya sauka. Da ya farka ya kama ledar ruwan da ke rataye, ya juyo da ita yana karanta sunan maganin da aka sa masa. Ya ɗaga gira, ya gyaɗa kai, kamar ya ce ba laifi, sun iya aikinsu.

Na bi likitan har bakin matakala. Na ce, “Likita, ranar da muka zo ka tambaye ni lokaci. Na sani. Shida da kwata ne.”

Ya tsaya. Bai tambaye ni dalili ba. Ya ce ƙarfe nawa muka iso, na ce takwas saura. Ya shiga lissafi, ina ganin lissafin a fuskarsa.

Na ce, “Da na faɗa, da an yi masa allurar?”

Ya ce, “Hajiya, jininsa ya hau ƙwarai a ranar. Sai mun sauko da shi tukuna, kuma ban san ko da zai sauka a kan lokaci ba. Wasu ana yi musu ta yi aiki, wasu ba ta yi. Ba zan ce miki eh ba, ba zan ce miki a'a ba, don ban sani ba.”

Na so ya zage ni. Ya ce in je in ci abinci.

Alhamis, 21 ga wata, ƙarfe 3:30 na rana

Mai Madubi ta ce zazzaɓin ya ci mana baya kaɗan, ba duka ba. Lin tana nan. Sai tana nan. Ra ta zo yau.

Sannan ta ce, “Dokta, ina da shawara, kada ka watsa mini takarda. Mu bi hanyar Malama. Mu sa wasali. Ki-lin. In ƙafa ta yi ƙarfi sai mu cire sandar.”

Ya juya fuska bango.

Ta ce, “Gaɓa tara da ta fito ta fi shida da ta maƙale.”

Bai juyo ba har ta tafi. Na zauna ina ninke tawul ɗin da na riga na ninke. Can na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas a ƙarfen gado. A hankali, fuskarsa na bango, yana cewa, “Sai. Ki. Lin.”

Na yi kamar ban ji ba.

Asabar, 23 ga wata, ƙarfe 5 na yamma

Yaya ta tafi kasuwa, na gado na biyar an sallame shi. Mu biyu ne a kusurwar. Na ja labule.

Na gaya masa. Zan rubuta sau ɗaya a nan, ba zan sake ba.

Ranar Litinin ɗin ya dawo daga gonar ya tako mini tayal ɗin da na goge da takalman aiki. Na yi magana, ya yi magana, na ce shekara ashirin da huɗu ina bin bayansa da tsumma. Muka kwana ba ma magana. Da safe ina ɗaki ina makin littattafai, na ji kofi ya fashe a kicin. Na duba agogo, shida da kwata. Na ce a raina, ya share da kansa. Na ji kujera ta ja. Na ci gaba. Sai da na gama na arba'in da ɗaya na fito. Bakwai da minti biyar. Yana ƙasa, jingine da firij, yana kallon ƙofar da zan fito.

A asibiti da aka tambaye ni, Yaya tana tsaye a gefena. Na ji kunyar a ce minti hamsin. Na ce ban sani ba.

Na gama, ban ɗago ba. Na ce, “Ka ji duk abin da na ce?”

Ya ce, “A'a.”

Na ɗago in ga kan, don a bi kan aka ce. Bai gyaɗa ba, bai girgiza ba. Kallona kawai yake. Na ce, “Ka yafe mini?” Ya ce, “A'a.” Kan bai motsa ba.

Ya daɗe haka. Sannan ya miƙo hannun hagu ya ɗauki takardar bita ya ajiye a cinyata, ya nuna gaɓa ta uku.

Muka yi te. Muka yi ti. Muryarsa tana kakarewa. Ban san me ya ce mini ba.

Lahadi, 24 ga wata, ƙarfe 7 na safe

Ban sani ba. Wannan karon da gaske.

Talata, 26 ga wata, ƙarfe 12:30 na rana

Auta ta gama jarrabawa jiya, na gaya mata a waya. Ta iso da safe da jakarta a kafaɗa. Ba ta gaishe ni ba. Ta durƙusa a gaban gadon ta ce, “Baba.” Ya buɗe baki, sunanta bai zo ba. Ya sake, bai zo ba. Na ga tsoro ya shiga idonta, irin wanda na kwana ashirin da shi.

Sai ya ɗaga hannu ya buga ƙarfen gado. “Te. Ti. Ra. Sai. Ki. Lin.” Ya nuna ƙirjinsa, kamar yaron da ya kawo sakamako gida.

Ta kalle ni. Na ce, “Sunan maganin shanu ne. Shi ya zaɓa.”

Ta ce, “Baba, ni ba ka iya sunana ba, ka iya na shanu?” Tana dariya hawaye na zuba. Ya ce, “A'a,” ya gyaɗa kai da ƙarfi.

A baranda ta ce mini, “Mama, ba ki kyauta ba.” Na ce haka ne. Ta jira in kare kaina, ban yi ba. Ta karɓi kwanukan hannuna ta tafi famfo.

Alhamis, 28 ga wata, ƙarfe 10 na safe

Dogo ya leƙo. Maruƙa takwas sun tashi, ɗaya ya mutu. Ya so ya ɓoye na ɗayan, Dokta ya ɗaga yatsu tara yana jira, dole ya faɗa.

Mai Madubi ta sa shi ya yi daga farko a gaban Dogo. O, ki, si. Ya tsaya, ya rasa hanya, ya koma. A karo na huɗu ya tafi har ƙarshe, bugu tara, ba tsayawa. Nauyin ma ya sa shi a kan sai. Dogo ya juya yana duba wani abu a taga da babu shi.

Ta ce wata rana wataƙila ya cire wasulan nan uku, wataƙila kuma ya mutu da su a baki yana tsoho, kamar sauranmu. Ta ce aikinsa na da, kada mu yi wa kanmu alƙawari. Ta faɗa a gabansa. Ta ce ba ta magana a bayan majinyaci.

Gobe za a sallame mu. Akwai hoto na uku bayan wata ɗaya.

Juma'a, 29 ga wata, ƙarfe 6 na yamma

Muna gida. Ya tsaya a ƙofar kicin da sandarsa, ya daɗe yana kallon wajen firij. Ni ma na tsaya a bayansa. Sannan ya wuce falo.

Kalmominsa zuwa yau, ban da maganin: a'a, sai, ruwa, to, Yaya. Eh tana zuwa wani lokaci. Sunana bai zo ba. Na Auta ya zo rabi.

Duk motsin da ya yi sai na taso. Ya tari, na taso. Ya ajiye cokali, na taso. Ɗazu ya kalle ni ya nuna kujera da sanda, ya ce, “To.” Wai in zauna.

Lahadi, 31 ga wata, ƙarfe 4 na yamma

Hutun da makaranta ta ba ni ya ƙare. Auta ta koma yau, akwai aikin da za ta miƙa. Yaya ba za ta iso gobe ba sai sha ɗaya, tana da ganin likitan ido. Daga bakwai zuwa sha ɗaya shi kaɗai.

Na ce zan ƙara neman kwana biyu. Ya ce, “A'a,” ya girgiza kai. Baki da kai sun haɗu, ba inda zan ɓuya.

Na sa lambata a maɓalli na ɗaya a wayarsa. Mun gwada sau shida.

Litinin, 1 ga wata, ƙarfe 1:15 na rana

Na bar masa shayi a filas, ƙwai biyu, magunguna a faranti, wayar a aljihun gaban riga. Na kai bakin titi na dawo na duba gas. Na sake fita.

Ban san abin da na koyar ba a darasin farko. Wayar tana kan tebur, fuskarta sama, abin da nake hana wasu malamai.

Tara da minti ashirin ta yi ƙara. Sunansa. Allin ya faɗi daga hannuna. Na fita baranda, yara arba'in da ɗaya suna leƙe ta taga.

Na ce, “Dokta? Dokta, ka faɗi ne? Ina zuwa yanzu.”

Shiru. Numfashi kawai. Na riga na fara sauka matakala, ina lissafin mintocin da ke tsakanina da gida. Sai na ji bugu a kan tebur, biyu, sannan biyu.

“Su. Ga. I. Na.”

Na tsaya a tsakiyar matakala. Likita ya hana shi suga, jiya na ɗauke gwangwanin na tura shi bayan tukwane a saman kabad.

Na ce, “Babu. Ya ƙare.”

Ya ja numfashi. Ina jin yana nemo wata kalma, yana tattaro ta daga nesa. Na riƙe ƙarfen matakalar na jira, ban taya shi ba. Bugu ɗaya. Bugu na biyu.

“Ƙar. Ya.”

Na zauna a kan matakalar da ƙurar alli a hannuna. Na ce, “Eh, ƙarya ce. Kuma ba za ka sha ba.”

Ya kashe wayar a kunnena.

Na share fuska na koma aji. Wata yarinya a layin gaba ta ce, “Malama, an yi rasuwa ne?” Na ce a'a, faɗa muka yi da mijina. Ku buɗe shafi na talatin.